Ranar da Aka Tayar da Taraktar Alhaji Hamadu

Hajiya Dela tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, an idar da azahar ke nan, sai ga Wada ya faɗo mata ba ko sallama. Wada ƙanen marigayi mijinta ne, kuma duk Wuro Bobbo babu wanda ya kai shi son sallama, don yakan tsaya a zaure ya yi ta rangaɗawa har mutanen gida su gaji da amsawa. Da ta gan shi wando jiƙe har cinya, hula a hannu, sai ta ture faifan gefe.

"Yaya, ba ni makullin rumfar tarakta."

"Lafiya dai?"

"Motar shanu ta kife a mashigin Mayo Kewe. Idrisa yana ƙarƙashi. Da ransa, yana ma magana, amma gefen bodin ya danne masa ƙafa, kuma ruwa yana hawa."

Idrisa shi ne ɗanta na fari, shi ne kuma kaɗai namijin da ta haifa. Ba ta yi ihu ba. Uwa ba ta kururuwa a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Haka ta tarar ana yi, haka ta bi tun ranar da aka yanke masa cibi. Abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Yaron nan ba ya jin magana." Ta dafa turmi ta tashi.

Tana kwance makullin daga bakin zanenta Wada yana ba ta sauran labarin. Idrisa ya lodo shanu daga kasuwa zai kai Ngaundere a sa su a jirgin ƙasa, yana zaune a saman bodi kamar yadda masu shanu suka saba. Direba ya tarar ruwa ya rufe duwatsun mashigi, ya ce shi ya san hanya. Ya kuwa san ta, tayar baya ce ba ta san ta ba. Mota ta zame ta kwanta a gefenta. Maza sun taru sun ɗaga, ko gezau. An ɗaura shanun huɗa, igiya ta tsinke. An gwada tonon laka, motar ta ƙara zama. Manyan injuna duk an kwashe su zuwa Lagdo wajen aikin dam, an dai tura mai keke Garwa, amma ba wanda ya sa rai da shi. Binuwai, babban kogi, ta cika maƙil tana turo ruwa baya cikin mayo, wato rafin, a hankali, ba tare da ta tsaya ba.

Abin da ya rage a duk yankin mai ƙarfin jan mota shi ne taraktar Alhaji Hamadu, marigayi mijin Dela. A gwanjon kamfanin auduga ya saye ta, ja, mai hanci kamar na tinkiya, ya yi noma da ita ya yi wa mutane. Damina uku ke nan da rasuwarsa. Kafin ya cika ya ce ta Idrisa ce, shi kuwa Idrisa ya ce noma ba ya gabansa, kasuwar shanu ta fi masa. Dela ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma yarda an sayar ba. Ta kulle rumfar ta ɗaure makullin a jikinta, tana jiran ranar da zai gaji da yawo.

Abin da ba ta da halin yi wa ɗan a gaban mutane, sai ta riƙa yi wa ƙarfen. Kowace Juma'a da hantsi ta ɗebo ruwa da sabulu ta wanke taraktar tas, sama da ƙasa, ta watsa mata bokiti har cikin lunguna, sannan ta lulluɓe ta da tabarmi tun ba ta bushe ba don kada ƙura ta hau. Mai facin keke yana zuwa ya duba mata iskar tayoyi. Matan unguwa har tsiya suke mata, wai Hajiya ta yi sabon miji, kuma ta dace, wannan ba ya faɗa ba ya neman tuwo.

Da aka yaye tabarmin, taraktar ta fito tana sheƙi, har wani a cikin mazan da suka biyo Wada ya ce ma sha Allah. Dela ta ji wani sanyi ya ɗan ratsa mata ƙirji. Ko ba komai, ta riƙe amana.

Ba a ɓata lokaci ba. Ladan ya cire batirin lasifikar masallaci ya kawo da kansa, mai injin niƙa ya kawo galan na gazuwal, wato man dizal. Wada, wanda ya yi shekaru yana tuƙa wa yayansa ita, ya kwance bututun mai ya tsotsa ya tofar, ya tsotsa ya tofar, har iska ta fita. Ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa. Injin ya yi tari kamar tsoho mai mura, ya ƙara, sannan ya kama da wata irin ƙara da ta cika rumfar da baƙin hayaƙi. Wata mata a bayan danga ta rangaɗa guɗa. Ta yi gaggawa.

Wada ya taka kuloci, wanda direbobin Garwa ke ce wa ambiriyaj, ya tura giya. Sai ji aka yi ƙarrr, kamar ana goga wuƙa a dutse. Ya saki, ya sake takawa har ƙasa, ya sake turawa. Ƙarrr. Giya ta ƙi shiga. Ya gwada ta baya, ita ma haka. Ya tsaya yana kallon ƙafarsa, can ya kashe injin.

"Yaya, ina itacen?"

"Wane itace kuma?"

"Guntun itacen da Alhaji ya tokare wannan da shi." Ya nuna abin takawa na hagu.

Ta tuna. Ranar da ta fita takaba ta shigo shara, ta tarar da wani guntun ƙirya an cusa shi tsakanin abin takawar da ƙarfen gindin sitiyari, ya danne shi har ƙasa.

"Na cire," in ji ta. "Na ɗauka yara ne suka yi wasa. Abu yana hutawa sai a bar shi a danne? Yana nan, da shi nake tokare ƙofar madafa."

Wada ya sauko ya kwanta a ƙasa, ya kwance wani ɗan murfi a ƙarƙashin cikin taraktar. Ruwa ya zubo masa a hannu, ja wur, mai kauri. Ya daɗe yana kallonsa.

"Faifai biyu ne a ciki," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Ɗaya na inji, ɗaya na giya. In ka taka sai su rabu, ka sa giya, ka saki a hankali su haɗu, ta tafi. In za a daɗe ba a tada ta ba, sai a tokare don su zauna a rabe. Yanzu tsatsa ta manne su kamar ƙanzo a gindin tukunya." Ya goge hannu a wando. "Ruwa kuwa daga ina yake shiga nan, rumfa ba ta yoyo?"

Duk wanda ke tsaye a wurin ya san daga ina, har mai guɗar.

Dela ta ji kamar ta haƙa ƙasa ta shige. Ba kunyar mutane ce ta fi damunta ba, ta wuce nan. Baƙin ciki ne, na cewa duk Juma'ar da ta durƙusa tana cuɗa ƙarfen nan tana yi wa yaron addu'a a zuci, ashe ɗaure masa ƙafa take yi.

"To a yi yaya?" ta ce. "Wada, ka faɗa mini abin da za a yi, ka bar kallon ruwa."

Aka shiga gwaje-gwaje. Wada ya sa giya injin a kashe, ya taka kuloci, maza suka riƙa tura ta gaba suna jan ta baya, suna jijjiga ta har gumi ya wanke su. Ba ta saki ba. Ya koma ƙasa ya zura dogon ƙarfe ta ramin murfin yana bugawa da guduma. Ya zuba kananzir. Kowa kuma ya zama makanike: wannan ya ce a hura wuta a ƙarƙashi, wancan ya ce a zuba ruwan tsamiya, wani dattijo ya ce shi a ganinsa a kira malam ya tofa. Wada ya ce wanda ya ƙara ba shi shawara sai ya sha guduma.

Ana cikin haka Mahamman Sarkin Pawa ya iso. Tun faɗuwar motar yana bakin ruwa da yaransa suna yanka shanun da suka karye kafin su zama mushe. Rigarsa ta jiƙe har ƙirji, wuƙa na rataye a kugunsa. Bai shiga cikin maza ba, wajen Dela ya nufa ya rage murya.

"Hajiya, sannu da wannan rana. Ruwa ya kai masa nan." Ya aza hannu a ƙasan haƙarƙarinsa. "Na nutsa hannu na laluba. Ƙafar lafiyarta lau, a cikin laka take, ƙarfen ya rufe ta ne kawai. Yatsun ma suna motsi. Amma in ruwa ya kai wuya, ba zan tsaya ina kallo yaro ya sha ruwa a gabana ba. Na san gaɓa, sana'ata ce. Shi Idrisa ya ce a tambaye ki."

Sai da ta ɗan jima kafin ta gane izinin yanke ƙafar yake nema.

"Haba, Sarkin Pawa! Ɗan mutum ne fa, ba sa ba."

"Na sani, Hajiya. Ni na yanka ragon sunansa."

"Ka ce ƙafar lafiya take."

"Lafiya take."

"To ban ba ka ba. Ka koma ka riƙe masa kai. Tarakta tana zuwa."

"Useni, don Allah, Hajiya, ki yi tunani. Ruwa ba ya jiran..."

"Na ce tana zuwa!"

Mahamman ya dubi taraktar, ya dubi ƙafafun Wada da suka leƙo daga ƙarƙashinta, ya ce Allah ya sa, ya juya da sauri. Dela ta bi bayansa da kallo, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta yi wa mutum alkawari da abin da ba ya hannunta.

Wada ya fito daga ƙasa fuska duk tsatsa. "Saura dabara ɗaya," ya ce. "Zan tada ta tana cikin giya. Tana kamawa za ta tafi, ba ta da tsayawa sai na kashe ta. In ina tafe kuloci a take ina dukan birki, wata girgizar za ta ɓalle shi. Kowa ya kauce. Ku janye yara."

Ya murɗa. Taraktar ta yi tsalle tun injin bai gama kamawa ba, ta ɗauke ginshiƙin rumfa, ta bi ta kan danga, ta ratsa kuɓewar maƙwabta, ta faɗa filin kasuwa Wada yana kokawa da sitiyari. Ya zagaya filin, ya ƙara mata wuta, ya danna birki da dukkan ƙarfinsa. Injin ya yi nishi kamar zai mutu, tayoyi suka tona ƙasa, ta ci gaba. Ya sake zagayowa, ya sake dannawa. Mutane suna binsa a guje suna kabbara, kamar kabbarar ce za ta shiga tsakanin faifan biyu.

A zagaye na gaba Dela ta lura da ƙafarsa ta hagu tana rawa a kan abin takawar. Kurkunu ya taɓa cin ƙafar nan tun yana saurayi, ba ta jure dogon aiki. Ya ja abin kashe inji, tarakta ta yi turus a tsakiyar fili.

"Ba zan iya riƙe shi a danne ba," ya ce yana haki. "Kuma dole ya zauna a danne. In ba haka ba, ko ya so saki ba zai saki ba."

Dela ba ta tsaya jin ƙarshen maganar ba. Matar da rabonta da gudu tun tana budurwa, ta tattare zane ta sheƙa gida, ta fizge guntun ƙiryar daga ƙofar madafa, ta dawo mayafi na jan ƙasa. Da hannunta ta danna abin takawar, ta cusa itacen inda ta same shi tun farko, ta ɗauki dutse ta doke shi har ya zauna daram. Wada ya taɓa ya ji ba ya motsi, ya ce madalla. A karo na farko tun da ya ambaci itacen ta ji numfashinta ya sauka. Ta mayar da abu wurinsa.

Sai ga wani a kan keke daga bakin ruwa, tun daga nesa yana nuna ƙirjinsa da hannu, sama da inda Mahamman ya nuna.

Wada ya dubi rana, ya dubi batirin ladan. "Mu tafi haka," ya ce. "In ya saki a hanya, to. In bai saki ba, ai ja muke nema, ja kuwa tana ja."

"Da ni za ka."

"Yaya, babu wurin zama."

"Ban tambaye ka wurin zama ba."

Ta haye kan murfin taya ta ƙanƙame ƙarfen kujera. Batirin ya ja da ƙyar, injin ya kama, suka zabura. Haka Wuro Bobbo ta ga Hajiya Dela, matar da ba a ganin ko tafin ƙafarta a waje, a saman tarakta ɗankwali ya zame, tana ratsa gari. Ba wanda ya yi dariya.

Hanyar mayo duk kwari ce da tudu. Duk gangaren da suka samu sai Wada ya ƙara wuta ya doki birki, haƙoranta su haɗu, ta kusa faɗowa, tarakta ta wuce abinta. Ita kuwa bakinta bai huta ba. Ya Allah ka sake shi. Ya Allah ka ɓalle shi. Ba ta san addu'ar da ake yi wa ƙarfe ba, sai ta yi ta maimaita wannan, tana kallon itacen yana rawa kaɗan-kaɗan a wurinsa, tana jin daɗi bai fita ba.

Tun kafin su sauka gangaren ƙarshe ta hango motar kwance a gefenta, ruwa ja yana zagaye ta. A bakin gaɓa ga shanun da aka yanka an jera. Sai da ta ƙura ido ta gan shi: kai da kafaɗu kawai. Mahamman yana durƙushe a bayansa cikin ruwa, ya tallafe masa haɓa da hannu biyu. Ruwa ya kai ƙashin wuya.

Wada ya yi kwana mai faɗi, mutane suna watsewa a gabansa, ya juya hancin taraktar ya fuskanci tudu, bayanta na kallon motar, ya kashe. Dela ta diro ta shiga ruwa har gwiwa. Leɓɓan Idrisa sun yi fari, haƙoransa na kaɗawa, amma da ya gan ta sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Inna, har da ke?"

"Rufe baki ka ɗaga kai," ta ce. Abin da ke zuciyarta ya fi haka yawa, amma mutane na tsaye.

Ta ga Mahamman ya zare wuƙar daga kugu ya miƙa wa na kusa da shi ya riƙe masa a sama, inda ba za ta jiƙe ba kuma hannu zai kai gare ta.

Aka ciro sarƙar motar, aka ɗaura a saman bodin, aka kawo ɗaya bakin aka maƙala a bayan tarakta, aka bar ta da ɗan sako-sako don injin ya samu ya kama kafin nauyi ya hau. Kowa na ihu, kowa na ba da umarni. Wada ya hau ya juya yana kallon baya.

"Da ta ɗaga ku ja shi!" ya ce. "Kada ku jira ni, ba ni da tsayawa! Batirin nan kuma ba zai ƙara wani tashin ba!"

Maza biyu suka sa hannu a hammatar Idrisa. Dela ta koma ta tsaya a gefen taraktar, ta dafa murfin taya, idonta na kan ruwa.

Batirin ya yi gurnani, ya yi kamar zai yi shiru, ya sake ja. Injin ya kama. Tarakta ta yunƙura, sarƙa ta tashi daga ruwa ta miƙe tana ɗiga. Tayoyi suka kama ƙasa. Motar ta yi wata ƙara mai tsawo, laka ta sake ta da tsotso, gefen bodin ya fara tashi.

"Ta ɗaga!" Mahamman ya yi ihu. "Ƙara! Ku ja! Ku ja!"

Suka ja. Ƙirjin Idrisa ya fito, cikinsa ya fito, ƙafar ta zamo daga ramin lakar da ta kwanta a ciki ta hau kan duwatsun mashigi. Saura kaɗan.

Sai wani abu ya ce ƙwas a cikin taraktar, kamar an fasa dutse. Injin ya ɗauki kuka sama, ba nauyi a kansa. Tarakta ta tsaya, ta zame baya. Sarƙa ta saki. Motar ta koma inda ta taso da dukkan nauyinta, ruwa ya fantsama har gaɓa.

Ƙarar da Idrisa ya yi, Dela ba ta taɓa jin irinta daga bakin mutum ba.

Kulocin ya saki. Abin da suka wuni suna roƙo ya zo. Nauyin motar ya yi abin da birki ya kasa, kuma da faifan suka ɓalle sai suka tarar da abin takawa a danne, suka rabu. Wada ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya gan ta a ajiye a gefe ba ta taka komai. Ya dubi itacen. Dela ma shi take kallo. A cikin ihu da gaggawa ba wanda ya tuna da shi, ba Wada ba, ba ita da ta doke shi da dutse ba.

"Cire!" ya daka mata tsawa, ya aza ƙafarsa a kai. "Cire shi!"

Ta kama da hannu biyu ta ja, ya ƙi, don ta sa shi da kyau. Ta doke shi da tafin hannu, ta sake duka har fatar ta tsage, ya fita ya faɗa laka. Wada ya rage wuta, ya ɗaga ƙafa a hankali. Taraktar ta ɗauki nauyin sumul, ba tsalle ba gardama, kamar jiya aka ajiye ta. Sarƙa ta miƙe, motar ta tashi, ta ƙara tashi, ya taka birki ya riƙe ta a nan. Aka zaro Idrisa aka yi gaɓa da shi.

Wurin ya ɓarke da kabbara. Waɗanda ke nesa ba su ga komai ba sai mota ta ɗaga, ta koma, ta sake ɗagawa, an fito da mutum da rai. Wani yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa kulocin ya saki da kansa, ikon Allah. Wada bai sauko ba. Ya kifa goshi a kan sitiyari, injin na ta bugawa a ƙarƙashinsa lafiya lau.

Dela ta kutsa cikin mutane. Mahamman ya riga ya ɗaure cinyar da igiyar shanu, sama da gwiwa, yana murɗa ta da sanda. Ta ga abin da ke ƙasa da gwiwar kafin ya tuɓe rigarsa ya rufe. Gani ɗaya ya ishe ta. Ta ɗago ta dube shi, tana roƙonsa da ido ya ce mata wani abu, ko ƙarya ce. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana raba ƙashi da nama ya girgiza kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

"A kai shi Garwa yanzu," ya ce da ƙarfi don mutane. "Likita ya duba."

Aka jawo amalanken shanu aka ɗaura a bayan taraktar, aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da shi. Dela ta hau ta zauna, ta ɗora kansa a cinyarta, ba ta kuma damu da wanda ke kallo ba. Mahamman ya zauna a wajen ƙafafu yana riƙe da sandar. Wada ya sa giya, ta shiga ba ƙara, suka kama hanya rana ta yi sanyi.

Sun yi nisa kafin Idrisa ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon sama, yana sauraron jikinsa. Can ya yi ajiyar zuciya.

"Inna."

"Ina ji."

"Ƙafar ta daina ciwo. Ɗazu kamar zan mutu, yanzu ko kaɗan ba na jin ta. Alhamdu lillahi." Ya yunƙura zai ɗago kai ya duba.

Ta sa tafin hannunta mai jini a kumatunsa ta juyo da fuskarsa wajenta.

"To madalla," ta ce. "Kwanta. Ni za ka kalla."